Kundin aiki: tayar da tsohuwar motar dizal da asubahin sanyi

2 ga Nuwamba

Motar Mercedes-Benz 240D ce ƙirar 1982, injin OM616 mai silinda huɗu, lita 2.4, giyar hannu, kuma ta haura kilomita 300,000. Da rana ba ta da matsala, murɗa makulli ɗaya ta kama. Da asuba take nuna halinta. In sanyi ya sauko kusa da digiri 0, kik ya yi ta juyawa da nauyi, farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal na fita ta salansa, sai can ta kama da silinda uku tana karkarwa. Abin da ake nema a ƙarshen aikin nan shi ne ta kwana a waje a digiri 15 ƙasa da sifili, ta tashi ba tare da an ɗumama injin da wutar lantarki ba, kuma kik bai wuce daƙiƙa biyar ba.

Injin dizal ba shi da tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa in an fesa shi. Wannan injin yana matse iskar ninki 21, kuma ba kai tsaye a kan fistin ake fesa man ba, a wani ɗan ƙaramin ɗaki ne da ke cikin tof silinda. Ɗakin nan shi ke sa injin ya yi laushin tafiya, shi ne kuma ke shanye zafin iskar in ƙarfe ya kwana cikin sanyi. Saboda haka duk abin da za a taɓa daga yau tambaya ɗaya ake yi masa: yana ƙara zafin da ke cikin ɗakin a lokacin da mai ya iso, ko yana rage shi?

Hayaƙin ya riga ya ba da amsar farko. Farin hayaƙi lokacin kik na nufin mai yana zuwa amma bai kama ba. Da babu hayaƙi ko kaɗan, da ta ɓangaren mai za a fara. Tsarin aikin shi ne a auna kafin a sayi komai, a canza abu ɗaya, a bar motar ta kwana, a rubuta sanyin safiyar da tsawon kik.

5 ga Nuwamba

Batir da wayoyi. Bayan kwana, mita ta nuna 12.3V a kan batir. Cikakke 12.6V yake nunawa, 12.2V kuwa rabi ne. An ɗora shi a caji ya cika, aka bar shi ya huta, sannan aka auna ana buga kik: ya faɗo 8.9V. Lafiyayye bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6V ba. Yana kunna fitilu tar, amma wannan ba shaida ba ce, domin fitilu ba sa jan ko kashi goma na abin da kik ɗin dizal ke ja. An sa sabo mai 95Ah da 800A. Lamba ta biyun ita ta fi damun mu, don ita ke nuna ƙarfin bugun batir a digiri 18 ƙasa da sifili.

Sabon batir bai gama zancen ba. An sa bakin mita ɗaya a kan dalmar nagatif kanta, ba a kan maƙalarta ba, ɗaya kuma a jikin inji, aka buga kik. Mita ta nuna 0.7V na ɓacewa a hanya, alhali a wannan ɓangare bai kamata ya wuce 0.2 zuwa 0.3V ba. Ɓangaren fozitif, daga batir zuwa babban notin kik, ya ba da 0.4V, yana cikin iyakar 0.5V.

Awon om, wato awon yadda waya ke tare wuta, ba ya kama irin wannan. Wayar da ta ruɓe, in dai saura sili ɗaya a haɗe, za ta nuna kusan sifili. Amma om 0.002 kacal, in kik na jan 350A, shi ne 0.7V ɗin nan. Dole sai wuta na gudana ake ganin ɓarnar. Da aka yanke robar wayar da ta haɗa jikin mota da gidan giya, ciki ya yi kore shar. An canza ta da mai kaurin 35mm², aka kankare wurin zamanta har ƙarfe ya fito fes, aka ɗaure, sannan aka shafa giris a sama. Awon ya koma 0.15V. Altaneta na ba da 14.0V a silo, kuma motar na jan 20mA in an kashe komai. Nan babu aiki.

9 ga Nuwamba

Hita fulogi, wato ƙarafan da ke ɗumama ɗan ɗakin nan da wutar batir kafin a buga kik. Motocin da aka yi kafin 1980 suna da tsohon samfuri mai lanƙwasasshiyar waya, a jere wuta ke bi ta cikinsu, in ɗaya ya yanke duka sun mutu. Wannan tana da siririn samfuri mai kama da fensir, kowanne da wayarsa. Illar hakan ita ce ɗaya na iya mutuwa fitilar dashbod ta ci gaba da kunnawa kamar komai lafiya.

Ba sai an kwance komai ba kafin a gwada. An zare soket ɗin da ke tafiya daga rile, na'urar da ke ba hitocin wuta ta kuma yanke, zuwa hitocin, aka auna kowane rami da jikin inji. Kafin nan an haɗa bakunan mitar biyu da juna, suka nuna om 0.3, wanda ake cirewa daga kowane awo. Abin da ya rage: na ɗaya 0.8, na biyu a buɗe, wato ya yanke, na uku 0.9, na huɗu 0.8. Lafiyayye kan tsaya ƙasa da om ɗaya in yana da sanyi. Ga silindar da ke ƙin kamawa nan. Fis ɗin rile, wanda ɗan fallen ƙarfe ne da noti biyu ke riƙe da shi, an cire shi an duba a haske, domin yakan tsage siriri yadda ido ba ya gani a wurin zamansa. Lafiyarsa lau, an dai goge bakunan.

Duka huɗun aka canza. Awon om na iya yin kyau alhali hitar na ja daga tsakiya maimakon daga baki, kuma na huɗun haka ya yi da aka jona shi da batir a kan benci, a riƙe da filaya. Mai kyau bakinsa ke fara ja cikin 'yan daƙiƙu, zafinsa na haura digiri 800. Kada a bar shi a jone fiye da daƙiƙa goma a sararin iska.

Wajen cirewa ne ake yin asara. An fesa man sassauta tsatsa tun daren jiya, aka ɗumama injin, aka cire bututun ƙarfe na injekta, masu fesa mai a inji, don hannu ya samu wuri, aka toshe bakunansu. In hita ta yi tauri, a juya gaba kaɗan a juya baya kaɗan, ba a yi mata ƙarfi. Wadda ta karye a ciki tana iya kai mutum ga sauke tof silinda.

Abin da aka fi tsallakewa shi ne share ramin. Kunkunniya kan taru ta kewaye bakin hitar, ta tare zafin, ta kuma sa sabuwar ta ƙone da wuri. An shafa giris a jikin rima, wato ƙarfen da aka yi don sharar wannan rami, aka murɗa shi da hannu, giris ɗin ya kwaso dattin. Ramin na biyu har sai da aka maimaita. Daga nan aka riƙe sandar kashe inji da ke kan famfon da ke tura wa injekta mai, aka juya kik a taƙaice don iska ta hurar da ragowar. Sababbin an ɗaure su a 20Nm, awon ƙarfin ɗauri. Da aka murɗa makulli, kowacce na samun sama da 11V.

16 ga Nuwamba

A digiri 2 ƙasa da sifili ta kama da silinda huɗu, karkarwar ta ragu sosai, amma kik ya kai daƙiƙa goma sha biyu. Sautinsa ma bai gamsar ba. An manna farin tef a kan fulin karanshaf, aka auna da na'urar ƙirga juyi mai haske: juyi 115 a minti.

Wannan shi ne abin da aka fi rainawa. In fistin na hawa a hankali, iskar na samun lokacin zuba zafinta a cikin ƙarfe, wata kuma ta sulale ta gefen ringi. Injin da matsinsa ke da kyau ma in yana juyawa a 100 zai wahala. Muna neman 150 ko fiye a cikin sanyi.

Baƙin man da ke ciki 20W-50 ne. Lambar da ke gaban W tana nuna sanyin da aka gwada man a cikinsa: 20W a digiri 15 ƙasa da sifili, 15W a 20, 10W a 25, 5W a 30. Tun kafin a kai waɗannan iyakoki bambancin yake bayyana a nauyin kik. An juye, aka sa 5W-40 wanda aka amince da shi don dizal, lita 6.5 haɗe da sabuwar filta. Masu cewa siririn mai na zubar da matsin man tsohon inji suna kallon lambar farko ne, alhali in inji ya yi zafi ta biyun ce ke aiki. Allurar matsin mai na cikawa da an ba ta wuta, a silo kuma tana sama da bar ɗaya (bar shi ne ma'aunin matsi). Za a dai riƙa leƙa ƙarƙashin mota ko wani tsohon sil zai fara tsatsafo.

An sauke kik ɗin. Buroshinsa sun cinye saura kaɗan, bushin gaba ya yi faɗi har amaca, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin kik, na gogar gefe, alamar gugar na nan a jikinta. Kik irin wannan yana jan wuta da yawa, aiki kaɗan, kuma yana ƙwace wa hitoci rabonsu a daidai lokacin da ake buƙatarsu. An canza buroshi da bushi, aka goge kwamiteta, wato inda buroshi ke gogawa, da lallausar sanfefa, aka share tsakanin layukanta. Giris kaɗan a kan sandar, don mai yawa daskarewa yake yi ya riƙe haƙorin.

19 ga Nuwamba

Digiri 3 ƙasa da sifili. Juyi 165 a minti, kik daƙiƙa shida.

23 ga Nuwamba

Bawul. Wannan injin ba ya saita bawul da kansa, kuma ratarsu raguwa take yi da tafiya, ba ƙaruwa ba, domin bawul na ƙara nutsewa cikin mazauninsa. In ratar ta ƙare bawul ba ya rufewa ruf, matsi ya tsere. Motar za ta yi ta tafiya haka ba wanda ya sani, har ma injin ya fi yin shiru, sai sanyi ya tona asiri. Shi ya sa ba a gwada matsi kafin a saita bawul, awon ƙarya zai bayar.

A inji mai sanyi ratar ita ce 0.10mm ga bawul na shigar iska, 0.30mm ga na fitar hayaƙi. Inda sanyi ke daɗewa ƙasa da digiri 20 ƙasa da sifili ana ƙara wa na shiga 0.05mm. Ana juya injin ta notin karanshaf da soket 27mm, ta hanyar da yake juyawa kawai. Ba a juya shi baya, ba a kuma kama notin kam a juya. In ƙoƙon kam ya kalli sama, ya bar rokar da yake dannawa don buɗe bawul, sai a zura fila geji tsakaninsu. Ya kamata ya shige da ɗan ja, ba sakwaf ba, ba kuma da turawa ba.

A bawuloli takwas, biyu ne kawai ke daidai. Na hayaƙi a silinda ta biyu da ta uku sun sauko 0.15mm, na shiga a ta uku kuwa ko mafi sirantar geji ya ƙi shiga. Saitin da noti biyu ake yi a kan kowane bawul, na sama da na kulle, da lanƙwasassun sifanu 14mm, wani lokaci da na uku don riƙe hular sifirin kada ta bi juyi. Wajen kullewa ratar kan motsa, don haka ana sake aunawa bayan an ɗaure. Da aka gama an juya injin zagaye biyu aka bi su duka.

Tunda murfi na buɗe, an daidaita alamar kam da ta mazauninta aka karanta a kan fuli: sarƙar taimin ta ja da kusan digiri 3. Awo ne na ƙiyasi, amma ya isa a ce ba ita ce matsalar ba. Sabon gaskit a murfi.

30 ga Nuwamba

Gwajin matsi, inji da ɗuminsa, ta ramin hitoci, duka huɗun a cire, an riƙe sandar kashe mai. Gejin dizal ake amfani da shi, na fetur ba zai ɗauka ba. Sakamako: bar 23, 22, 20, 23. Sabon inji kan ba da 24 zuwa 30, iyakar ƙasa wajen 15, kuma bambanci tsakanin silinda bai kamata ya wuce bar 3 ba. Ta ukun tana kan layi daidai, ita ce kuma wadda bawul ɗinta ya daɗe a matse.

Wannan awo shi ya yanke hukuncin ci gaba da aikin. Injin da ya sauko 16 ko 17 zai yi tafiya lafiya da zafinsa, amma babu hita ko batir da zai tayar da shi a tsananin sanyi sai an ɗumama shi. Da a can muka samu kanmu, da kuɗin nozil, wato bakin injekta, bai kamata a kashe ba tukuna. Zuba baƙin mai a silinda don a gane ringi ne ko bawul, kamar yadda ake yi wa injin fetur, mun ƙyale shi. Sararin da ke saman fistin dizal ƙanƙane ne, man na iya kamawa ko ya tokare fistin.

7 ga Disamba

Wata alama ta fito da sauran suka ɓoye a da. Motar na kamawa nan take, ta yi daƙiƙa uku, ta mutu, sannan sai an ja kik mai tsawo. In ta tsaya awa biyu kawai ba ta yi. In an faka hancinta na kallon gangare ma ba ta yi. Wannan iska ce ke shiga layin mai, man ya zame ya koma tanki cikin dare.

Ramin da ke tsotsar iska ba lallai ya ɗigar da mai ba, domin daga tanki zuwa ƙaramin famfon da ke ɗebo mai ja ake yi, ba turawa ba. Sanyi na ƙara ta'azzara shi, tsohuwar roba na ƙanƙancewa ta saki baki, man kuma ya yi kauri. An sa tiyo mai gani-har-hanji na wucin gadi kafin ƙaramar filta da bayan babba. Kumfa na bayyana bayan famfon hannu, ba kafinsa ba. Famfon hannun tsohon samfuri ne da ake warwarewa kafin a buga, kuma da an buga shi mai na fitowa ta wuyansa. An canza shi da wanda ake dannawa kawai, da sabon wosha na tagulla.

A zama ɗaya aka canza filtocin biyu, da guntayen tiyon roba na gaba da na wajen tanki, da siraran tiyo masu saƙa da ke mayar da mai daga injekta zuwa injekta, har da toshiyar ƙarshe. Waɗannan da sun tsufa taɓa su kawai ya isa su tsage. An kwance rariyar da ke gindin tanki, rabinta a toshe da baƙin yauƙi, alamar ruwa ya daɗe a ciki. An wanke ta, aka zubar da ragowar gindin tankin a mazubi har mai ya fito garau.

Fitar da iska: a cika babbar filta da mai mai tsabta, a sassauta notin samanta, a yi ta danna famfon hannu har kumfa ta ƙare, a ɗaure, a ci gaba da dannawa har a ji bawul ɗin mayarwa na ƙara. Washegari kamawa da mutuwar ta tafi.

14 ga Disamba

Injekta. An cire su da dogon soket 27mm aka ɗora a famfon gwaji. Sabo a wannan inji yana buɗewa a wajen bar 115, wanda ya yi aiki kuma bai kamata ya gaza 100 ba. Namu: 104, 98, 95, 107. Lambar ba ta kai yanayin feshin muni ba. Biyu tsartuwa suke yi maimakon feshi, ɗaya kuma na ɗiga in an riƙe matsi ƙasa kaɗan da inda yake buɗewa. Manyan ɗigon mai ba sa tururi da wuri, a sanyi sai su jiƙa bangon ɗakin su fita a matsayin farin hayaƙi.

Hannu ba ya zuwa kusa da feshin. Ƙarfinsa na huda fata, kuma raunin na gaggawa ne ko da ya yi kama da ɗan tsini.

An sa sababbin nozil, aka daidaita da siraran wosha na ciki har huɗun suka tsaya tsakanin 115 da 118. Daidaituwar junansu ta fi kai wa wata lamba muhimmanci, kada tazarar ta wuce bar 5. Ƙarƙashin kowace injekta akwai ɗan faifan kare zafi, wanda sau ɗaya ake matse shi, don haka sabo ake sawa duk lokacin da aka cire, a kuma lura da fuskar da tsohon ya kalla. Injekta 70 zuwa 80Nm, notin bututu 25Nm. Sai da aka gama wannan aka duba taimin ɗin famfo ta hanyar ɗigo, ya faɗa a digiri 24 kafin fistin ya kai ƙololuwa, inda ya kamata. Da ya yi latti, man zai riƙa isowa bayan zafin ya fara sauka.

21 ga Disamba

Digiri 9 ƙasa da sifili, kik daƙiƙa uku, hayaƙi kaɗan da ya ɗauke cikin rabin minti.

Yadda ake tayarwar ma na da tasiri. A kashe fanka da fitilu. A murɗa ɗan maɓallin ƙara silo da ke dashbod. A kunna makulli, in fitilar hita ta mutu a ƙara jira kamar daƙiƙa goma, domin rile na ci gaba da ba su wuta na ɗan lokaci bayan ta mutu. A taka kuloci don kik ya huta da juya man giya mai kauri, a taka totur, a buga. In ta fara tari kada a saki makulli da wuri, a riƙe har ta ɗauka da kanta, sannan a sassauta ƙafa nan da nan, ba a ba inji mai sanyi wuta. In ta ƙi bayan daƙiƙa goma sha biyar, a huta minti ɗaya a sake daga hita.

Feshin tayar da inji na gwangwani, mai sinadarin ita (ether), ba ya shiga wannan mota. Jan bakin hita na kunna shi tun fistin bai iso sama ba, bugun na karya ringi, ya fasa ɗan ɗakin, wani lokaci ya lanƙwasa sandar fistin.

8 ga Janairu

Digiri 14 ƙasa da sifili. Ta kama cikin daƙiƙa huɗu, ta yi minti biyar a silo, sai ƙarfi ya fara raguwa, ta mutu. Kik na gudu, hitoci na aiki, hayaƙi babu. A ƙaramar filta mai ya yi fari-fari kamar kitsen da ya fara daskarewa.

Dizal na ɗauke da kaki a narke. In sanyi ya kai wani mataki kakin na fara fitowa, man ya yi gajimare. In ya ƙara sauka, ƙwayoyin su toshe takardar filta alhali man tanki na nan ruwa-ruwa. Abin da ya faru ke nan: ta ƙone wanda ke cikin famfo, sabo ya kasa ratsowa. Motar ba ta cika tafiya ba a watannin nan, don haka yawancin man tankin na lokacin zafi ne. A ƙa'idar Turai ta EN 590 an kasa dizal aji-aji bisa sanyin da yake toshe filta, daga ajin A a digiri 5 sama da sifili har ajin F a digiri 20 ƙasa da sifili, akwai kuma wasu azuzuwan na yankunan ƙanƙara. Gidajen mai na canza aji da shigowar sanyi, amma wanda ya riga ya shiga tanki yana nan yadda yake.

An tura motar cikin rufaffen wuri mai ɗumi ta wuni, domin kakin ba ya narkewa da an koma daidai sanyin da ya fito, sai an haura sosai. Wuta a ƙarƙashin tanki ba zance ba ne. An canza filtocin biyu, aka zuƙe tsohon man, aka cika da na hunturu. Maganin hana daskarewa an zuba shi kafin man, gwargwadon abin da ke jikin kwalbar, a lokacin da man ke garau. Ba ya narkar da kakin da ya riga ya fito, aikinsa shi ne hana ƙwayoyin girma, saboda haka zuba shi a daskararren tanki asara ce.

An ɗebi tsohon man da sabon a kwalba biyu masu murfi aka bar su a waje. Da safe tsohon ya yi gajimare har gindi, sabon na nan garau. Gwaji ne mai araha da ya kamata a riƙa yi duk lokacin da aka sha mai a sabon wuri.

Kananzir na saukar da matakin daskarewa, amma yana rage santsin da famfo ke buƙata, kuma a wasu ƙasashe doka ta hana zuba shi a motar hanya saboda haraji. Fetur kuwa mun kauce masa gaba ɗaya: yana sa man ya ƙi kamawa da wuri, wanda shi ne akasin abin da ake nema, ga haɗarin gobara. Tankin za a riƙa barinsa sama da rabi don rage raɓar da ke taruwa a bangonsa.

18 ga Janairu

An sa na'urar ɗumama ruwan inji mai 400W a jikin bulok, da agogon da ke kunna ta awa biyu zuwa uku kafin tashi. Barinta dare guda ƙarin wuta ne kawai, zafin na tsayawa wuri ɗaya. Ba don ta rufe wata matsala aka sa ta ba, shi ya sa ta zo a ƙarshe. Amfaninta shi ne rage cin ƙarfe a mintunan farko da sauƙaƙa wa batir. Ba a jona ta sai ruwa ya cika kuma an fitar da iska, in ba haka ba ta ƙone.

Tunda an zubar da ruwa, an sa sabo rabi da rabi da maganin hana ƙanƙara, wanda ke riƙewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Tamostat ɗin a buɗe ya maƙale, allura ba ta wuce 60 a hanya. Bai shafi tashin safe kai tsaye ba, amma injin da ba ya kai zafinsa shi ke tara kunkunniyar da muka share a ramin hitoci. An sa mai digiri 80.

29 ga Janairu

Digiri 16 ƙasa da sifili, ba a jona na'urar ɗumama ba. Batir 12.5V kafin a taɓa makulli, 10.1V lokacin kik, juyi 150 a minti. Ta kama a daƙiƙa biyar. Da aka jona na'urar ɗumama a safiya mai irin wannan sanyi, daƙiƙa ɗaya zuwa biyu.

Saura abu biyu. A rabin mintin farko silinda ɗaya na tsallake bugu, kuma da aka sassauta notin bututun injekta ɗaya bayan ɗaya, ta ukun ce sautin bai canza a kanta ba. Za a hura mata iska ta ramin hita, fistin na sama, bawuloli a rufe, a saurara a salansa da bakin shigar iska da murfin baƙin mai. In ta salansa ne, bawul ya ƙone, sai a jira ɗumi a sauke tof silinda. Na biyu shi ne rile. Na asali na yanke wa hitoci wuta da an saki kik, akwai kuma wanda ke barinsu a kunne na ɗan lokaci bayan inji ya tashi, wanda zai rage farin hayaƙin nan. Kafin a sa shi sai an tabbatar hitocin da ke ciki irin masu jure ƙarin wutar altaneta ne, domin a lokacin 14V za su riƙa samu ba 11V ba. Za a sake auna ratar bawul bayan kilomita 1,000.